Yadda Gari Zai Gina Ajujuwa Biyu da Aikin Gayya, Har Su Kai Ga Rufi

Duk mai yawan bin hanyoyin ƙauye a Jigawa, ko ta ƙasar Gumel ya bi, ko ta Haɗeja, ko ta Ringim, ya saba ganin wani irin gini a gefen makarantar firamare: bulo ya kai linta ya tsaya, ba rufi, tumfafiya ta tsiro a tsakiyar aji, awaki na shan inuwar bango. In ka tambaya sai a ce maka ai mutanen gari ne suka fara da gayya, kuɗi ya ƙare. Gaskiya suka faɗa, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Hannu ba ya yi mana wuya. Dagaci ya sa a yi shela yau, gobe da hantsi ka ga samari cike da fili, kowa da diga ko shebur. Sai dai gayya ta yini guda ce, gini kuwa na wata uku ne ko huɗu, kuma akwai sassansa da ƙarfin damtse ba ya yi, sai takarda da kuɗi da gwani. Ajujuwa biyu za mu ɗauka a nan, amma masu shirin ɗakin shan magani ko Islamiyya za su iya bin wannan tsari kusan sak.

Takardu biyu kafin a sari ƙasa

Maganar ta fara daga zauren mai unguwa, shi zai kai ku gaban dagaci, ko bulama a garuruwan da haka ake kiransa. Ku je ku uku ko huɗu, da dattijo a cikinku, kuma kada ku je da gamammen shiri kamar sanarwa kuka kawo. "Ranka ya daɗe, 'yan aji uku da aji huɗu a gindin darbejiya suke karatu, damina na faɗuwa makaranta ta tashi. Mun zo neman izini da shawara." Wannan ya isa. Dagaci ne zai sanar da hakimi, shi ne kuma zai kira liman, don sanarwar da za ta fito daga masallacin Juma'a ta fi takardar gayyata ɗari.

Daga nan sai hedimasta da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Tare da su za ku rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, tun bayan dokar 2004, saboda haka ko da sisin gwamnati bai shiga ginin ba, a filinta za ku yi shi, kuma ita za ta gaje shi. Abu uku za ku nema a takardar: amincewa a rubuce, zanen ajin da hukuma ke aiki da shi, da matsayinta kan malami da kujeru. Na ukun ne mutane ke mantawa. Ajin da aka gama ba malami, kafin shekara ta zagayo an fara zuba buhunan gero a ciki.

Takarda ta biyu ta fili ce. Idan cikin harabar makaranta ne, a fito da dattawan da suka san iyaka, a kafa turaku a gaban maƙwabtan gona. Idan kuwa wani bawan Allah ne ya ba da gonarsa, to a nan ake bukatar taurin ido. Kyautar baki tana mutuwa tare da mai ita. A rubuta, ya sa hannu, 'ya'yansa manya su sa, shaidu su sa, dagaci ya buga hatimi. In gonar gado ce da ba a raba ba, babban wa shi kaɗai ba shi da ikon bayarwa, sai an ji daga bakin kowane magaji, har matan da ke aure a wani gari. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka a filayen karkara, don haka a kai kwafi sashen filaye na sakatariya. Wasu za su ce wannan rashin kunya ne ga wanda ya yi alheri. A ganina kare masa ladansa ake yi, don kada bayan ransa jikoki su tayar da rigima a kan sadakarsa.

Kwamiti

Mutum bakwai ko tara sun isa: shugaba, sakatare, ma'aji, mai sito, mai kula da ranakun aiki, wakiliyar mata, wakilin matasa, da wakilin rugagen Fulani in 'ya'yansu na zuwa makarantar. Kada a ba dagaci shugabanci ko ajiyar kuɗi. Shi uba ne, in rikici ya tashi gabansa za a je, ba a kuwa kai ƙarar alƙali wurin alƙali. Ma'aji da mai sito kada su fito gida ɗaya. A yi wa ƙungiya rajista a sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma, a buɗe asusun banki da sunanta, mutum uku masu sa hannu, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Asusun wani mutum, komai amanarsa, ba asusun gari ba ne.

Lissafin da kowa zai iya bi

Ku zauna da birkila da kafinta, in da hali da wani ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a fitar da kayan aiki tun daga fandisho har fenti. Amma kada kwamiti ya zauna kamar ɗan kallo. Ga hanyar da za ku gwada abin da aka faɗa muku.

A ce kowane aji mita 8 ne a tsawo, 7 a faɗi. Biyu a jere sun ba da mita 16 da 7. Zagayen bango mita 46 ke nan, a ƙara bangon tsakiya mita 7, ya zama 53. In tsayin bango mita 3 ne, an sami murabba'in mita 159. A cire kamar 20 na ƙofofi da tagogi, saura 139. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, ke nan wajen bulo 1,400. Sahu ɗaya na zagayen ginin yana cin kamar 118, sahu huɗu na fandisho sun kusa 470. A ƙara na kusurwar rufi, da na baranda, da waɗanda za su fashe, za ku tashi da bulo mai inci 9 kimanin 2,200. In buhun siminti na fitar da 25 zuwa 30, bulo kaɗai zai ci buhu 75 zuwa 90. Daɓen ajujuwan biyu mai kaurin inci 4 zai ci wasu 50 zuwa 70, gwargwadon haɗin da aka yi. Ba a zo kan kwaɓin ɗora bulo ba, da linta, da filasta. Ban sa farashi ba don kafin a gama karantawa ya canza. A tura mutum biyu su tambayo a shago uku, a ɗora kashi goma cikin ɗari saboda abin da ba a zata ba.

Wannan lissafi a karanta shi a gaban jama'a. Mutane sun fi sakin hannu in sun san iyakar tafiyar.

Tara kuɗi, da abin da za a fara saya

A ƙauye kaka ce lokacin kuɗi. Kada a yanka wa magidanci naira kaza a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A jira a yi girbi, a karɓi abin da ke hannu: tiyar riɗi, buhun zoɓo, damin gero, kwanon gyaɗa, shinkafa a wajen masu fadama. A kasa gidaje uku, masu ƙarfi da matsakaita da marasa hali, a bar masu unguwanni su yi kason tunda su suka san tukunyar kowa. Gwauruwa mai marayu ba a bin ta da kwano. Abin da aka tara a kai kasuwa, Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis ko wadda ta fi kusa, mutum biyu su je, su dawo da lissafi a rubuce.

'Yan gari da ke Kano da Abuja da Legas da Fatakwal su ne kashin bayan kuɗin tsaba. A buɗe musu zaure a WhatsApp, amma kada a ce musu "a taimaka da abin da ya sawwaƙa". A ambaci abu: bandir ɗaya na kwano, buhun siminti biyar, ƙofa guda. Wanda ya san ƙofar aji huɗu tasa ce ya fi saurin turowa, kuma zai tambayi labarinta. Mata na da adashinsu, sau da yawa kwasa ɗaya da suka sadaukar ta fi abin da wata unguwa ta maza ta tara.

Ɗan siyasa in ya kawo, a karɓa a yi godiya, amma kaya ya fi kuɗi, kuma alkawari ba ya shiga littafi sai ya sauka a sito. Kada a yarda a shafa wa ginin launin jam'iyya. Ranar da aka yi haka, rabin masu ɗebo yashi sun zauna a gida.

Yanzu ga abin da na fi so a riƙe a duk wannan jagora: a sayi rufi kafin a haƙa fandisho. Kuɗin farko da ya shigo ya tafi kan kwano da ƙusa da rodi, a kulle a sito. Dalili kuwa a fili yake. Farkon aiki kowa na da zafi, kuɗi na shigowa. Kafin a kai linta an gaji, kaka ta wuce, samari sun tafi ci-rani, ga shi rufi ne abu mafi tsada da ake saya a dunƙule, gayya kuma ba ta ƙera kwano. In kwano na ajiye, ko bango ya tsaya a tsakiya za a lallaɓa da buhu biyu yau, uku gobe, har a kai. In babu, an yi kango. Kwano da rodi ba sa lalacewa a ɗaki busasshe, kuma ba kasafai farashinsu ke jiran mutum ba. Katako a bari sai an kusa, don yana karkacewa. Siminti shi ne na ƙarshe, a riƙa sayensa kashi-kashi, a jera shi kan katako nesa da bango, kada ya haura wata biyu a ajiye. Buhun da ya yi dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa, ya tashi daga aiki.

Lokaci

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, samari ba su gama watsewa ba, rijiyoyi da sauran ruwa, rafi ya janye ya bar yashi. Burin shi ne rufi ya hau kafin ƙarshen Afrilu, don iskar farkon damina ba ta raga wa ginin da ba a ɗaure ba. A duba inda azumi zai faɗo, a kauce wa sa aikin kankare a cikinsa. Garuruwan da ke noman rani a kwarin Haɗeja kuwa sai an daidaita da ranakun ban-ruwa, in ba haka ba alkama da tumatir za su cinye muku ma'aikata.

Abin da gayya ke yi, da abin da ba ta yi

A raba aikin gida biyu tun farko. Na gayya: share fili, haƙa, ɗebo yashi da tsakuwa da ruwa, ciko, kwaɓa kankare da miƙa shi, ban-ruwan bulo, miƙa kwano, fenti. Na gwani: awo, ɗora bulo, ɗaurin rodi, kafa katakon rufi, filasta. Birkila da kafinta a biya su, ko da 'yan gari ne. In sun yi ragi, Allah ya saka. Amma wanda aka ce ya yi wata uku kyauta, ranar da aka kira shi aikin kuɗi a wani gari zai tafi, kuma ba mai bakin yi masa magana. A yi jinga mataki-mataki: fandisho kaza, zuwa linta kaza, a biya bayan an duba.

Kada a kira gari duka kullum. Babbar gayya sau uku ko huɗu ake bukatarta: ranar haƙa, ranar ciko, ranar zuba daɓe, ranar linta. Waɗannan a yi musu shela, a kira makaɗa in al'adar garin ce, a dafa abinci. Sauran ranaku a bi unguwa-unguwa, mutum shida zuwa takwas su taya birkila. Mutum arba'in a kan birkila ɗaya hira ce kawai. A cire Juma'a da ranar kasuwa. Masu amalanke a ba su nasu kason daban, sahu kaza na yashi ko duro kaza na ruwa, a rubuta musu a matsayin gudummawa. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo wani ko ya biya kuɗin lebura na yini, kuma a amince da wannan ƙa'ida a gaban dagaci tun kafin a fara, ba ranar da wani ya ƙi fitowa ba.

Abinci a raba wa gidaje bi da bi, kwamiti ya ba da hatsi. Ruwan gini kuma kada ya zama sanadin da mata da yara za su kwana a layin famfo: a gina ɗan kwatami ko a jera durorin ajiya, a riƙa cikawa da yamma ko da asuba.

Hatsari biyu ne suka fi yawa. Na farko ramin yashi ko na jar ƙasa da ake rarake ƙarƙashinsa har sama ta rufto. A sa dattijo ɗaya a wurin wanda aikinsa kawai hana rarake gindi. Na biyu yara. Ba a fitar da ɗalibai daga aji su ɗauki bulo, ba a barinsu kusa da ramin fandisho. Masu kwaɓa siminti su sa takalmin roba, don yana cin fata.

In baƙi 'yan sa-kai sun zo, masu yi wa ƙasa hidima ko ɗaliban fannin gini daga kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure ko Dutse, a sauke su ta hannun dagaci, a ba su abin da suka fi mu iyawa: karanta zane, duba awo, tsara littafin kuɗi. Su kuma su sani gari ne mai aiki. A tambayi mutum kafin a ɗauki hotonsa, kada a shiga gida ba izini.

Wurin gini da awo

A zaɓi tudu. A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo da Miga da Kafin Hausa da Guri, a tambayi inda ruwa ya kai a ambaliyar 2022, a ɗaga daɓe ya haura wannan alama. Ko a inda ruwa ba ya zuwa, daɓe ya ɗara ƙasa da sahu biyu na bulo.

Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa. Riba biyu ke nan: rana ba ta shiga idon yara safe da yamma, sannan hadarinmu daga gabas yake tasowa, gara ya tarar da gajeren gefen gini maimakon doguwar fuskarsa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san bangon gabas ke shan dukan ruwa.

Wajen fitar da kusurwa, a auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, in tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5 cif, kusurwa ta daidaita. Bayan an kafa duka huɗun a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu, dole su zo ɗaya. Kuskuren da aka bari a nan kafinta ne zai gamu da shi a sama, lokacin gyara ya wuce.

Bulo

In za ku buga da kanku, wanda shi ya fi, a samo yashi mai kaifi marar laka. Gwajinsa: a zuba a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Laka za ta kwanta a saman yashi. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma, a nemi wani wurin. Mai bugu a biya shi da yawan buhu, ba da yawan bulo ba, kuma ɗan kwamiti ya tsaya yana ƙirga: buhu ɗaya kada ya wuce 30. Masu sayarwa da yawa na ja har 40 ko fiye, shi ya sa za ka ga bulo na zubar da gari in an shafa shi.

Ban-ruwa shi ne rabin ƙarfin bulo, kuma shi aka fi wasa da shi don ba a ganin amfaninsa nan take. Iskar hunturu na busar da siminti tun bai kama ba. A jiƙa safe da yamma kwana bakwai, a rufe da karan dawa ko tsofaffin buhuna, kada a ɗora sai ya yi mako biyu. A ba mutum biyu wannan aiki da suna, don aikin kowa-da-kowa ba mai yinsa.

Bulon ƙasa ba abin rainawa ba ne, ya fi sanyi ma, in an ɗora shi kan fandishon siminti aka ba shi rufi mai faɗin baki. Amma a tambayi hukuma ko za ta karɓa kafin a yanke shawara.

Daga fandisho zuwa linta

A haƙa faɗin ƙafa biyu da 'yan inci, zurfin kamar ƙafa uku, ko har a tarar da ƙasa mai tauri. A jigawa yashi na zubowa, sai a buɗa bakin ramin. In kuwa baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ta kumbura da damina, a dakata a kira injiniya, don fandisho na yau da kullum ba ya riƙe ta. In an ci karo da gidan gara, a tone shi duka a zuba magani.

Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan. Kankaren gindin fandisho: buhu ɗaya, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12, a zuba kaurin inci 6 zuwa 9. Na ginshiƙi da linta ya fi ƙarfi: buhu ɗaya, yashi 4, tsakuwa 8. A auna da kwanon sarki, ba da shebur ba. Ranar gayya samari na son tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin ɗiba, ruwan nan kuwa ƙarfin kankare yake tafiya da shi. Mutum ɗaya ne zai riƙe bokiti.

Bulon fandisho a cike ramukansa da kankare. Ciko a yi shi da jar ƙasa ko yashi, ban da shara da baƙar ƙasar gona, inci 6 a lokaci guda, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara. Ajujuwan da ka ga daɓensu ya rufta ya zama ramuka, ciko ne aka zuba a yini ɗaya aka rufe. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe saboda damshi, a zuba daɓen kowane aji a rana guda ba tare da yankewa ba, a yi masa ban-ruwa mako ɗaya.

Bango kada ya wuce sahu biyar a yini. A sa ginshiƙai masu rodi a kusurwoyi da mahaɗar bangon tsakiya. Linta kuma kada a tsaya kan ƙofa da taga kawai, a zagaye ginin da ita gaba ɗaya kamar ɗamara: rodi huɗu masu milimita 12, da zobba kowane inci 8. Katakon da ya tallafe ta a kan tagogi ya yi mako biyu kafin a cire. Tagogi su kasance a ɓangarorin biyu don iska ta ratsa, na ƙarfe sun fi jure yara da gara.

Rufi

Mafi yawan rufin makarantun da iska ke yayewa, ba kwanon ne ya tsinke ba, katakon ne gaba ɗaya ya tashi don ba a ɗaure shi da gini ba. Maganin sai tun ranar zuba kankaren saman bango: a binne siririn rodi ko langalanga a ciki, a bar kawunansa a waje, a duk inda katakon rufi zai zauna. In kafinta ya kafa, a naɗe kowanne a ƙulle. Ƙusa kaɗai ba ta isa. Ɗan kwamiti ya hau tsani ya ƙirga ɗaurin da idonsa kafin a biya.

Katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai tun yana ƙasa, har wuraren da aka yanka. Jera kwano a faro daga yamma a nufi gabas, don bakin haɗin ya ba iska baya. Kowane falle ya hau ɗan'uwansa da ƙwarya ɗaya da rabi, ƙusa a tudun kwano ba a kwarinsa ba, a ninka yawanta a gefuna da kan tsororuwa. A rufe bakin rufi da katako don kada iska ta sami mashiga ta ƙasa. Ba a hawa jera kwano ranar da ake iska.

Silin na rage zafi da ƙarar ruwan sama, amma in kuɗi ya gaza shi ne abin da zai iya jiran baɗi. Filasta da daɓe da ƙofofi ba sa jira. Allo a yi shi da siminti a jikin bango. A ƙofar baranda a yi gangara maimakon matakala zalla, saboda yaro mai keke ko sanda.

Littafin kuɗi da banɗaki

Duk Juma'a biyu sakatare ya tashi bayan sallah ya karanta: abin da ya shigo, abin da ya fita, buhu nawa suka rage. A liƙa kwafi a ƙofar fada, a ɗauki hoton rasit a tura wa 'yan birni, wakiliyar mata ta kai wa mata. Mai sito na da nasa littafin, birkila na sa hannu kan duk buhun da ya karɓa, da yamma a ƙirga fankon buhuna. Zargi ya fi sata saurin kashe aikin gayya, kuma ba ya bukatar hujja, shiru kawai yake jira.

Banɗaki a sa shi cikin lissafi tun farko, na mata daban da na maza, ƙofofinsu kada su kalli juna. 'Yan mata da suka fara girma na barin makaranta saboda rashinsa ba tare da sun faɗa wa kowa dalili ba. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko famfo, a gangare ba a sama da su ba, kuma a ƙasar yashi a gina cikinsa da bulo don kada ya rufta.

Miƙawa

In an gama, a rubuta takardar miƙa gini ga Sakataren Ilimi, a haɗa da kwafin takardar fili, a tuna masa maganar malami da kujeru da ya amsa a rubuce. Kwamitin gini ya karanta lissafinsa na ƙarshe ya sauka, ragowar kuɗi da bulo da kwano su koma hannun SBMC da shaidu. A zuba tsakuwa ko a yi ɗan daɓe zagaye da gindin bango inda ruwan rufi ke sauka. Da damina ta zauna a dasa darbejiya a jere ta gabas, nesa da gini kamar mita 8 saboda saiwa, a kewaye kowace da ƙaya, a raba wa ajujuwa ban-ruwansu. Sannan a tsayar da rana ɗaya a kowane Afrilu da kafinta zai hau ya bi ƙusoshi da ɗaurin katako, a ware kuɗin wannan yini daga abin da za a tara a kakar kowace shekara.